Tafinta da Kafin Alƙalami

Babanmu bai taɓa noma ko buhu ɗaya na masara ba, amma shekarun ƙarfinsa duka a kasuwar hatsi ya ƙarar da su. Kasuwar ba irin wadda ake jibge buhuna a ƙasa ba ce. Ɗaki ne dogo a saman wani bene, da allo a bango mai nuna farashi, da fankar sama da ke kuka kamar za ta faɗo, da dillalai kowa da waya a kunne. Can ƙurya, kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai, aka ajiye teburin Baba da kujerun baƙi biyu. Idan manomi ko ɗan kasuwa ya hawo, dillali ya zuba masa yaren ofis ya ga ya yi zuru, sai ya nuna masa ƙuryar ya ce, "Je ka wurin Tafinta." Sunan ya bi shi har gida. Mama ma da shi take kiransa idan ta so tsokana.

Shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa ne ya riƙe shi, wanda mu 'ya'yan Baba muke kira Baba Babba. Manomi ne mai gona a bakin rafi, ba ya son yawan magana, kuma shi ya tsaya wa ƙanensa har ya gama makaranta. Baba yakan ce duk takalmin da ya taɓa sawa yana yaro, daga gumin Yaya ya fito.

Baba yana son aikinsa kamar me. Kalmomin kasuwar duk baƙi ne, shi ke nemo musu riga ta gida. Cinikin da za a biya a ɗauki kaya yau, ya ce farashin nan take. Wanda za a ƙulla yau a kan farashi sananne, amma sai bayan watanni a miƙa kaya, ya sa masa cinikin gaba. Idan manomi ya yi cinikin gaba don kada faɗuwar farashi ta cinye shi da kaka, Baba ya ce ya yi shinge. A wurin cin abinci yakan ba mu labarin yadda yake fama. A yaren dillalai, wanda ya sayi kaya yana jiran su yi tsada ana ce masa dogo, wanda ya sayar yana jiran su karye kuma gajere. Wata rana ya gaya wa wani ɗan kasuwa da ko kafaɗarsa bai kai ba cewa, "Yanzu kai dogo ne," mutumin ya ce duk zamansa a duniya ba a taɓa yi masa albishir irin wannan ba. Kasuwa mai tashi ya kira ta kasuwar bijimi, kowa ya gane. Mai faɗuwa kuwa, da yake dabbar da ake kwatanta ta da ita ba wanda ya taɓa gani, ya ce kasuwar kura. Manoma suka ce ai in haka ne kullum kasuwar kura ake ci, tunda ga kurayen nan zaune da waya a kunne.

Akwai kalma ɗaya da ta daɗe tana ba shi wahala. Duk mai shiga cinikin gaba sai ya ajiye wani abu a hannun dillali, don a tabbata ba zai gudu ba. Baba ya gwada jingina, mutane suka tsorata. Ya gwada ajiya, suka ɗauka banki ne. Ranar da ya ce kafin alƙalami, kowa ya gyaɗa kai, domin ba wanda bai san shi ba: ka ba da wani abu, ciniki ya faɗa, sai ranar cikawa. Kalmar ta karɓu har dillalan kansu suka ɗauka. Sai dai ba ta faɗi gaskiya duka ba. Wannan ajiyar tana iya neman ƙari. Idan farashi ya juya maka baya kafin ranar miƙa kaya, za a kira ka ka ƙara, in ba ka ƙara ba a rufe cinikin a cire asarar daga abin da ka ajiye. Baba ya san haka sarai, kuma yana faɗa, amma a ƙarshen bayani, lokacin da baƙo ya riga ya miƙe yana neman takalminsa.

Wata shekara Baba Babba ya zo gidanmu yana kukan kakar da ta wuce, yadda masara ta yi araha har ya ga kamar kyauta ya bayar. Ina tsakar gida ina wanki, ina jin su.

"Yaya, ka yi shinge mana," in ji Baba. "Ka sayar yanzu tun tana gona, a farashin da ka sani. Ko ta faɗi da kaka, kai ba ruwanka."

"Ni ban iya sayar da abin da ban girbe ba, Auta."

"Ai alkawari ne kawai. Ka ba da kafin alƙalami, da kaka ka kawo kaya."

"Shi ke nan?"

"Kusan shi ke nan. Wani lokaci akan ɗan nemi ƙari, amma ba kasafai ba."

Na ga fuskar Baba a lokacin. Murna yake yi. Tunda aka haife shi Yayansa ke yi masa, yau ga ranar da shi ma zai yi wa Yaya wani abu da iliminsa. Baba Babba ya sayar da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya ya biya ajiyar, ya sa hannu a teburin ƙanensa.

Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Aka fara raɗe-raɗin fari, farashin masara ya yi ta hawa a allo. Ga wanda ya riga ya sayar, kowane hawa asara ne a takarda. Dillalin da ke riƙe da cinikin, wani mai tabarau da ba ya dariya, ya zo ya tsaya a kan Baba ya ce, "Tafinta, a gaya wa wanka ya ƙaro kafin a tashi kasuwa gobe."

Baba ya hau babur ya tafi gona da kansa. Ya tarar da Yayansa a gindin injin ban ruwa, hannu duk baƙin mai. Ya yi bayani, ya sake yi.

Baba Babba ya goge hannunsa a tsumma ya ce, "Kafin alƙalami sau biyu? A wace kasuwa aka taɓa yin haka?"

"Na faɗa maka akan nemi ƙari, Yaya."

"Ka faɗa. Amma sunan da ka kira abin shi na riƙe. Ga masarata nan tsaye, ban ce ba zan kawo ba. Me kuma suke nema?"

"Bari in sayar da babur ɗin nan in cika maka."

"Jibi su sake nema, ka sayar da me? Gadon matarka?"

Bai yarda ba, kuma ko ya yarda ba shi da abin bayarwa, komai nasa yana cikin ƙasa. Washegari aka rufe cinikin, ajiyar ta tafi kusan duka. Ba a daɗe ba ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya, gonaki suka yi kyau ko'ina, farashi ya rikito ƙasa da inda aka ƙulla tun farko. Da an bar cinikin ya kai kaka, da Baba Babba ya fita lafiya. Sai ga shi ba shinge, ba mota, ya yi hayar ta wani ya kai masararsa ya sayar da araha.

Ba su yi faɗa ba. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi. Baba Babba ya ci gaba da aiko mana da buhu duk kaka, yana zuwa duba mu idan wani ba shi da lafiya. Abu ɗaya ne ya canza: ya daina cewa Auta. Zai shigo ya ce, "Tafinta yana nan?" kamar kowane baƙo. Baba yakan amsa da fara'a, amma in ya raka shi ya dawo sai ya zauna a bakin gado ya daɗe bai cire hula ba. Sau da yawa ya shirya zuwa gona don su yi maganar, sai ya dawo ya ce wa Mama sun yi hirar taki da ciwon gwiwa.

A ofis ya watsar da kalmar. Ya koma cewa ajiya mai neman ƙari, kuma da ita yake fara bayani, ba ya barin mutum ya zauna sosai sai ya ji ta. Wasu suka riƙa fasa ciniki, dillalai suka yi ta ƙorafi wai yana kora musu mutane. Kalmar farko kuwa ta riga ta fi ƙarfinsa. Har ya yi ritaya yana jin sababbin ma'aikata suna cewa kafin alƙalami, ba su ma san daga bakin wa ta fito ba.

Baba Babba ya rasu bayan gajeriyar jinya. Baba yana wurin, shi ke ba shi ruwa da cokali, amma ɗakin cike yake da mutane, kuma numfashin Yayan ma da ƙyar yake fita. Daga baya ya tambayi Inna, matar marigayin, ko Yaya ya taɓa yi mata zancen masarar nan.

Inna ta ce, "Sau ɗaya. Ya ce laifinsa ne da bai yi tambaya ba, kuma kunyarka yake ji, ya sa ka hau babur cikin rana kana roƙonsa."

Baba ya miƙe. Ya fita bayan gida ya daɗe, da ya dawo idanunsa sun yi ja.

Yanzu ya tsufa, ido ya yi rauni, benen ma an mayar da shi shagon kayan ɗaki tunda ciniki ya koma cikin waya. Rabin shekara a gona yake yi wurin 'ya'yan Yayansa. Ba ya iya aikin komai, sai dai ya zauna a inuwa yana korar awaki daga shanya, yaran kuma suna barinsa.