Matar da Ta Tare Ƙofar Ɗakin Raino

Ina zaune a kamfanin ɗinki ina jiran kayana, idona na kan wata mata a ƙofar ɗakin rainon jariran ma'aikata. Gajeriya ce, tabarau a goshi, ta ci ɗamara da mayafi kamar mai shirin dambe. Kafaɗarta duk tumbuɗin jariri ne, ko a jikinta. Daga ganin tsayuwarta, ita ta yi faɗi-tashi aka buɗe ɗakin. Wataƙila goyo ya taɓa raba ta da aiki.

Gabanta wani saurayi ne cikin kwat, shugabanni suka aiko shi ya auna amfanin ɗakin.

"Mama, ba ni na kar zomon ba, rataya aka ba ni," in ji shi. "Sun ce ɗakin ba ya ɗinka ko riga ɗaya. Lissafi suke so."

Ta nuna masa inda kekunan ɗinki ke ta ruri, masu shayarwa a kansu.

"Lissafi? Sa wa ɗakin kwaɗo yau, ɗana. Gobe ka zo ka ƙirga kekunan da suka yi shiru."

Ta miƙa masa makulli. Har aka kira ni, hannunta na miƙe, nasa na aljihu.