Motar da Ilu Direba Ya Ƙera a Kwamfuta

Duk wanda ya san Gagarawa Tasha ya san Ilu Direba. Tun yana saurayi yake bin babbar mota. Ya fara da wanke gilashi da ɗaure tamfol, har ya kai ga riƙe sitiyari. Riɗi da zoɓo yake ɗauka daga Maigatari zuwa Kano, wani lokacin kuma shanu zuwa kudu. Mutum ne mai son gardama kan duk abin da ya shafi mota. In ka ce hon ɗin wane ya fi nasa daɗi, to shayinka sai ya huce kafin ka samu damar sha.

Wata damina ya zame daga saman kaya yana jan igiya, ƙafarsa ta dama ta karye. Mai ɗori ya ce sai ya yi watanni a zaune. Ilu da bai saba daɗewa a gida ba ya koma zaman tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, yana wasan tuƙin babbar mota a waya. Wasan ba ya burge shi, amma ya kasa ajiyewa.

"Dubi wannan hanya," ya ce wa matarsa Jannatu. "Ba rami, ba akuya, ba mai shayi. Wannan ai ba tuƙi ba ne, zama ne kawai."

"To Baban Firdausi, ai ya dace da kai ke nan," in ji ta, tana tsince shinkafa.

Ran Asabar ƙanin Jannatu, Abdulbaqi, ya zo dubiya. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Gumel, kuma tsakaninsa da Ilu akwai wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Ilu ya tambaye shi su wa ke yin irin wannan wasa. Abdulbaqi ya ce mutane ne kamar kowa, kuma akwai manhajar da ake ƙera abubuwa da ita a kwamfuta, su fito da tsawo da faɗi da kauri, ana juya su ta kowane ɓangare. Samari na ce da shi tiridi. Ya ƙara da cewa kyauta ce.

Kalmar kyauta ta shiga kunnen Ilu. Ya gyara zama.

"Ta dace da ɗan koyo?"

"Yaya, wasu sun ce da ita suka fara, wasu sun ce ita ta kore su. Kai kuwa da ko saƙon waya sai ka sa Yaya Jannatu ta rubuta maka, ban san ajin da zan sa ka ba."

Wannan maganar ce ta sa Ilu ya rantse sai ya yi wasansa, na hanyar Gagarawa zuwa Maigatari. Abdulbaqi ya kawo masa aron tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, ya sa masa manhajar, ya zuba masa bidiyoyin koyarwa.

Da aka buɗe, sai ga wani akwati mai ruwan toka a tsakiyar allo, maɓallai kewaye da shi sun fi na gaban tirela yawa. Ilu ya taɓa wani wuri, akwatin ya ɓace. Ya wuni yana nemansa. Washegari ya kira Abdulbaqi ya ce masa kwamfutarsa ta cinye kaya. Ashe shi ne ya juya wa akwatin baya. Bidiyoyin kuma da Turanci suke, mai maganar yana gudu kamar an biyo shi, don haka Ilu ya kashe muryar ya riƙa bin hannunsa da ido, yana tsayarwa yana mayarwa baya.

A hankali akwatin ya miƙe ya zama bodi. Aka samu kan mota, aka samu tayoyi, duk da na farko sun fi kama da waina. Jannatu ta leƙa ta ce, "Wannan kejin kaji ya yi kyau. Wa ya yi oda?" Ranar Ilu bai ci tuwo da yawa ba. Daga nan ya duƙufa. Ya ƙera madubi, ya ƙera tsani, ya yi wa kowace taya notinanta ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" a goshin motar kamar yadda yake a tasa ta gaske.

Da ya gama ya kira Abdulbaqi ya ce a nuna masa inda ake tayar da ita.

Abdulbaqi ya sosa ƙeya. "Yaya, wannan manhajar ai ta ƙira ce. Tuƙi sai an kai motar cikin wata manhajar daban. Ita ma kyauta ce."

"Shi ne ba ka faɗa ba tun farko?"

"Ban zaci za ka kawo nan ba."

Suka kai ta. Kwamfutar ta ɗau zafi ta tsaya cik, don notinan Ilu sun yi mata nauyi. Sai da ya cire su, yana cirewa yana tsaki. Da aka sake gwadawa, motar ta nutse cikin ƙasa ta yi ta faɗawa ba iyaka. Da aka gyara wannan, akuyar da ya ƙera don tare hanya ta fito ta fi motar girma. Jannatu ta yi dariya har sai da ta ajiye tsintsiya, shi ma Ilu ya kasa daurewa ya taya ta.

Kafin kaka ta wuce ƙafa ta warke, ya koma hanya. Wasan bai kai Maigatari ba, ko Gumel bai kai ba. Daga tasha yake farawa ya ƙare a wata kuka da ke bayan gari. Amma akwai rami, akwai akuya daidai girmanta, kuma motar tana tafiya. Abdulbaqi ya sa masa shi a waya, direbobi suka riƙa karɓa suna gwadawa a rumfar Ya'u mai shayi, kowa na cewa birkin bai kama ba.

Wani malamin firamare daga Sule Tankarkar ya taɓa tare shi a rumfar ya tambaye shi ko manhajar ta dace da mai farawa. Ilu ya ce, "Malam, kyautar raƙumi ce. An ba ka, amma ba a gaya maka yadda ake durƙusar da shi ba. In kana da haƙuri za ka hau. Ka dai fara da kujera ko tulu, kada ka fara da tirela."

Yanzu in ya dawo daga tafiya, rumfar Ya'u yake ƙerawa a kwamfuta don ya sa ta a bakin hanyar wasan. Ya'u ya duba ya ce an rage masa tsawon tebur, kuma burodinsa bai taɓa yin ƙanƙanta haka ba. Ilu ya ce zai gyara teburin, amma burodin daidai yake.