Oga Obiefuna da Tsohuwar Kwamfutar Ɗakin Jini

Da hantsi, lokacin da masu shayin Tarauni ke kife kofuna, Oga Obiefuna yake ɗage ƙofar shagonsa. Sababbin kwamfutocin da aka kawo gyara ko kallo ba su ishe shi ba. Can ƙurya yake wucewa, wurin wata tsohuwar kwamfuta mai nishi kafin ta kama. Sai ta kama yake amsa gaisuwar mutane.

Ni uwar mai sikila ce, shi ya sa na san shi. 'Yata Nana Fatima idan ciwon ya tashi, jini ake ƙara mata a wani ƙaramin asibiti a Gyadi-Gyadi. Injin da ke tantance jinin kafin a ƙara, haɗe yake da wata kwamfuta ta zamanin soja, kuma ba ya aiki da kowace sai ita. Ta tsaya, gwaji ya tsaya, yara su yi ta jira a kan benci.

Aikin Obiefuna shi ne rubuta jerin umarni, abin da suke kira sikirif. Idan kwamfutar ta ƙi, sai ma'aikaci ya sa faifai, sikirif ya bi cikinta ya faɗi inda matsalar take. To amma kwamfuta ba ta jin umarni sai ta bakin wani tafinta da ke cikinta, shel sunansa, kuma akwai sabo akwai tsoho. Sabon yana gane duk gajerun hanyoyin zamani. Tsohon kuwa kamar kakata yake da Hausar 'yan jami'a, kalma ɗaya baƙuwa ta isa ya yi gum.

Ba haka kawai ya koyi wannan ba. Malam Mu'azu, shugaban ɗakin gwajin, shi ya ba ni labari. Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa sabon abu yake so, har Obiefuna. Ya samu sabuwar kwamfuta, ya sake rubuta sikirif ɗinsa da sabon salo, ya gwada a kanta, lafiya lau, ya kai asibitin. Ranar da ta asibitin ta tsaya, Mu'azu ya sa faifan, tsohon shel ya karanta layin farko ya ƙi gaba. Obiefuna yana Hotoro wurin wani aiki, ga shi lokacin babu wayar hannu. Kafin a nemo shi la'asar ta yi. Wani direba, Malam Lawan, ya gaji da jira, ya saɓa ɗansa ya hau acaɓa zuwa wani asibitin. A hanya yaron ya cika.

Ba wanda ya ce Obiefuna ne. Malam Lawan ma cewa ya yi kwana ya ƙare. Amma Obiefuna ya je zaman makokin, ya tsuguna a bakin tabarma, ya ce, "Malam, ni na rubuta abin da ya ƙi aiki." Mu'azu ya ce bai taɓa ganin ƙaton mutum na kuka haka ba.

A satin ya bi kasuwa har ya samo irin tsohuwar kwamfutar, ita ce ta ƙuryar shagon. Tun daga nan layi ɗaya ba ya fita daga hannunsa sai ta yarda da shi. Abin da sabon shel ke yi a taƙaice, shi sai ya bi doguwar hanya ya rubuta shi yadda tsoho da sabo za su gane. Abokan sana'arsa na tsokanarsa, wai ya auri gyatuma. Dariya kawai yake yi, ya ce, "Ku da masu sabuwa kuke aiki. Ni mutanena ba su da ita."

Bara abin ya zo kaina. Nana ta yi fari fat, idonta ya koma rawaya, muna isa aka ce kwamfuta ta tsaya. Ina kallo ta taga Mu'azu ya sa faifai, rubutu ya gangaro, ya ce wa abokin aikinsa, "Cikinta ne ya cika, ga abin da za a share." Kafin azahar jini na shiga jikin 'yata. Obiefuna ba ya ma gari, yana Anambra wurin binne mahaifiyarsa.

Kai ne, Oga Obi, mai jiran na baya. Kai ne ka ɗauki mutuwar ɗan wani ka ɗora wa kanka alhali ba wanda ya ɗora maka. Na gode, Nana ta gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba matarka Madam Chinwe ladan haƙuri da kai.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Idon Obiefuna na mutuwa, likita ya ce ba gyara, bayan Kirsimeti zai koma gida. 'Yan siyasa sun yi alkawarin sababbin injuna tun zaɓen farko, ga shi an yi na biyu, ko kwali ba mu gani ba. Kuma duk lokacin da masu injin suka zo suka taɓa shi, dole a sake daidaita sikirif ɗin. Wa zai yi? Haba samarin Tarauni da Daurawa, ku da kuka cika shagunan intanet! A ce cikinku babu mai zuwa ya zauna kusa da mutumin nan ya koya? Ba aikin suna ba ne, na sani. Amma ku je, don Allah, tun yana nan.

Shekaranjiya na leƙa shagon, na same shi hancinsa kusan manne da gilashin tsohuwar kwamfutar. Ya ji muryata, ya ce, "Maman Nana, zo ki karanta mini layin nan, akwai gyaran da nake so in gama kafin in tafi."

Na ja kujera na zauna. Ina kiran haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, ni kuwa ko ɗaya ban san me yake nufi ba. Duk Kano, ranar nan, ni ce mai taya shi.