Mutumin da Ya Fi Na'urata Sanin Ruwan Sama

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Baba Mai Ma'auni a gida ba. Zai jingine kekensa a bayan ofishinmu na binciken yanayi, ya ɗaga mazurari, ya juye ruwan saman da ya taru cikin kwalbar awo, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da layin, sannan ya rubuta. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya leƙa kafin ya rubuta sifiri.

Watan nan yake ritaya, kuma gara in faɗi gaskiya tun da wuri: ƙyashinsa nake ji. Ni ne mai digiri uku, ni ake gayyata taro in yi bayanin sauyin yanayi, amma in manomi ya shigo harabar nan sai ya wuce ƙofata kamar ta sito, ya nufi bencin Baba. Maiɗakina ma, in za ta yi shanya, cewa take, "Tambayo mana Baba."

Ni na kawo na'urar da ke aika awo kai tsaye zuwa kwamfuta, har na ce littafin Baba ya zama kayan tarihi. Bara na'urar ta nuna ruwan damina ya ragu da rabi. Saura kwana biyu in tsaya gaban masana in ce fari ya tunkaro, manoma su canza iri. Sunana da binciken shekara goma duk suna kan wannan magana.

Sai ga Baba ya yi sallama, littafinsa a hammata.

"Dokta, yaushe rabonka da leƙa bakin na'urar nan?"

"Ai ba a leƙa ta, Baba. Ita ke kawo rahoto."

"To, zanzaro ya yi gini a maƙogwaronta. Sau uku ina zuwa, ana cewa kana taro. Ni kuma ka hana ni taɓa ta."

Muka je. Laka ta toshe rabin maƙogwaron na'urar, ruwa na cika ya malale ƙasa. Ya buɗe littafinsa: damina lafiya lau.

Kai ne, Baba, ka rufa mini asiri, kuma har yau ba ka ba kowa labarin ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ko ɗan gorin da zai ba ni dalilin jin haushinka ka ƙi yi mini.

Masu tasowa, ku karanta manyan littattafai, ku sayi na'ura, amma ku riƙa fita kuna dubawa da idonku kamar yadda ya yi.

Na gode, Baba, Allah ya sa ka huta lafiya. Saura abu ɗaya. A taron masanan nan alƙalumanka na gabatar, aka miƙe ana tafi, na sunkuyar da kai na karɓa ban ambace ka ba. Shekara guda ke nan ina riƙe da tafin da ba nawa ba. Ga shi, karɓi abinka.