Allurar da Na Yi wa Wan Hajo

Ni ɗan manoma ne daga Shema. Tun ina ƙarami ba na ganin abu a rufe in ƙyale shi. Na taɓa kwance fitilar Baba don in ga inda kananzir ke bi ya hau lagwani, na sha duka, amma dai na gani. Ku samari, wannan hali ba laifi ba ne. Inda na kai shi ne laifin, shi kuma zan ba ku labari.

Ina da shekara kamar ashirin, bayan an gama kaka, na shiga Dutsin-Ma neman aiki. Aka ɗauke ni shara da dafa allurai a wani ɗakin shan magani. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Malam Garba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda za a kawo mutum ranga-ranga, a tsira masa ɗan ruwan da bai cika cokali ba, jibi ka gan shi a kasuwa yana cinikin akuya.

Na ce, "Malam, me ya sa wannan a hannu, wancan a ɗuwawu?"

Ya ce, "Je ka ajin yaƙi da jahilci ka iya karatu tukuna, ni da kaina zan koya maka."

Ban je ba. Gani nake ido ya ishe ni.

Farkon abin da na ɗauka wani tsohon sirinji ne da aka ce in jefar. Na gwada a jikin kabewa, na gwada a cinyar tunkiyar maƙwabci, ba ta mutu ba. Daga nan sai kwalbar magani ɗaya ta bi ni gida, sai ta biyu. Ranar da ba aiki na ari keke na nufi Barkiya, inda ba wanda ya san ni da tsintsiya. Na yi wa wani mai gyambo allura, Allah ya sa ya warke. Kafin wata ya zagayo sunana ya koma Likita.

A can na ga Hajo, 'yar wani mai sayar da hatsi. Ita ma mai son sanin abu ce kamar ni. Takan ajiye farantin ƙuli-ƙulinta ta tsaya kallo.

Ta ce, "Likita, wai maganin nan ya ake yi ya san inda ciwon yake? Ba ya ɓatan hanya?"

Ni ma tambayar da ke cina ke nan. Amma sai na gyara hula na ce ai jini ne ke yi masa jagora, ta yi dariya ta yarda. Har na fara tunanin tura manya gidansu.

Malam Garba ya lura kwalabe na ɓacewa. Bai tona ni ba, sallamata kawai ya yi. Magani ya ƙare, suna bai ƙare ba. Sai na riƙa sayen ƙwayoyi a kasuwa, in daka, in dama da ruwan rijiya, in zuƙa a sirinji. Ba zan ɓoye muku ba, ban da kwaɗayi har da son in ga abin da zai faru.

Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kayar da Sani, wan Hajo, ga noma ya kama. Ita ta zo da kanta ta kira ni.

Babansu ya ce, "Mu dai mu kai shi Dutsin-Ma."

Hajo ta ce, "Haba Baba, ga likita har gida?"

Na yi masa allura a ɗuwawu. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ƙafar ta daina ɗaukarsa. A kan jaki aka kai shi gaban Malam Garba, ya duba ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Aka kwatanta ni. 'Yan doka suka same ni a kasuwar Kurfi da sirinjin a aljihu.

Alƙali ya ce, "Me ka zuba masa a jiki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba."

Sai ya yanke hukunci. Aka wuce da ni gidan yari a Katsina. A can na koyi karatu, na koyi sassaƙa, a can kuma labarin rasuwar Inna ya same ni. Ana bikin samun mulkin kai ina ciki.

Da na fito, ban nufi gida ba sai da na je Barkiya. Hajo ta yi aure a Kurfi, har ta haihu. Sani na zaune a zaure, ƙafar ta shanye ta zama kamar sanda. Na durƙusa na nemi gafara.

Ya ce, "Na yafe maka tuntuni. Ga shi an kira la'asar, zo mu je masallaci. Amma kada ka wuce ni, bi ni a baya."

Masallacin na nan kusa, daga zauren ana hango shi. Na bi shi yana jan ƙafar, yana tsayawa yana hutawa. Kafin mu isa an sallame.

Yanzu ƙofofi da kujeru nake yi a Dutsin-Ma. Ku samari, ku yi tambaya, amma ku tsaya a ba ku amsa. In an ce ku je ku koya, ku je. Kada ku karɓi sunan da ba naku ba don yarinya ta dube ku. Abin da ba ku sani ba kuwa, ku ce ba ku sani ba tun a zaure, kafin ku faɗe shi a gaban alƙali.