Tsohuwar Da Ta Bar Ni a Tsakiyar Kogin Rakaia

Ranar da na fara ganin Noeline Tulloch da sanda ta zo mini. Sandar asibiti ce, irin wadda ake ba wanda aka yi wa aiki a ƙugu, amma yadda ta ɗaga ta sama ba ka ce don dogarawa aka yi ta ba.

Ni dai a ganina ban yi wani laifi ba. Mun gama askin tumaki na ƙarshen sanyi, na tattara abin da na samu na sayi tsohon jirgin ruwa mai feshi, kore, na alminiyom, a hannun wani mutum wai shi Murray. Na jawo shi a tirela har ƙofar gidan da muke haya a Ashburton, na kira abokaina biyu, na haye na tayar da inji a nan bakin titi ina ta ba shi wuta, don unguwa ta san ni Kade na zama mutum. Sai ga tsohuwa ta ɓullo daga kwana, kai fari fat, da silifas ɗin ɗaki a ƙafarta.

"Kashe shi! Kashe shi, ɗan banza!"

Na kashe. Na ce, "Sannu Kaka, barci muka katse miki?"

"Kakarka tana gidanku. Wa ya ce maka ana tayar da shi a tudu babu ruwa? Me zai sanyaya injin, yawun bakinka?"

Abokaina suka sulale. Ita kuwa ta sa na buɗe murfin, ta ɗora tafin hannu a kan injin kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ashe jirginta ne. Murray ɗanta ne, tana kwance a asibiti ya sayar da gida da gareji da jirgi, ya kama mata ɗan ɗaki a rukunin gidajen tsofaffi, layi uku daga namu. Daga can ta jiyo kukan injin ta gane shi.

Na zaci karɓe kayanta za ta yi. Ta ce, "In ajiye shi ina, ƙarƙashin gado? Naka ne. Abu ɗaya nake so, kada ya mutu a hannunka. Da ganin idon nan naka kuwa ba zai kai Kirsimeti ba."

Ranar Asabar da safe ta dawo da akwatin kayan aiki a kan keken cefane, da fulas ɗin shayi da biskit ɗin citta. Ba wanda ya gayyace ta. Haka muka yi Asabar tara.

Ni abin da ke raina fenti. Ja nake so, da zanen wuta a gefe. Ta ce sai a yi fentin da kyau, don masu ceto su gane shi a ƙasan ruwa. Ta sa na tsiyaye tsohon fetur ɗin da ya shekara a tanki, na canza baƙin mai da matatar mai, na matsa kowane tiyo da yatsa ta ji ko ya bushe. Ta sa na ja wayar sitiyari tana kallon bakin feshi a baya. Akwai wani ɗan kwano da ke tare rairayi kafin ruwa ya shiga injin, na kwance shi na tarar ya cika dam, ta ce a riƙa zubarwa duk dawowa, ba sai an tuna ba. Giris kuwa matsa biyu a boris bayan kowace fita. Na yi biyar don in burge ta, ta ce, "Burodi kake shafa wa bota?"

Sannan ta kwantar da ni ƙarƙashin tirela, ta nuna mini ragar ƙarfen da ke ƙasan jirgin, inda yake zuƙar ruwa kafin ya fesa ta baya. "Nan ne bakinsa. Abin da ka ba shi zai haɗiye. Ka tayar da shi a ruwan da bai kai gwiwa ba, tsakuwa zai ci." Muka fiddo farfelar da ke tura ruwan, ta zauna a kujerar lambu da zarto tana gyara bakinta a hankali, tana shafawa da babban yatsa, ido rufe. Tazarar da ke tsakanin farfela da zobenta ma da yatsa ta fara ji kafin ta ɗauko ma'auni, kuma ma'aunin bai ƙaryata ta ba.

Na ce, "Misis Tulloch, mijinki ya koya miki aiki."

Zarton ya tsaya. Ta dube ni ta saman tabarau.

A wata gonar tumaki aka haife ta, can sama inda Rakaia ke fitowa daga duwatsu. Tana shekara ashirin da biyu ta auri Athol, ta tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta shekara ashirin da shida. Tsohona ma ta ɗauka yana yaro. Ta ce sau biyu tana sauke shi a hanya ya ƙarasa gida a ƙafa, kuma da ta ji ina magana ta san jinin ne. Athol kuwa duk wanda ke hawa kogin nan ya san shi, kofunan tsere da sunansa suna nan jere a ɗakin ƙungiyar masu jiragen feshi. Mutane kan kawo masa injin feshi ya gyara. Sai ya zagaya shi da kwalbar giya a hannu, ya ce, "Bar shi nan, zan duba." Da safe idan ta sauke yara, ita ke shiga garejin.

"Athol ko sifana ya ɗauka sai ya ji wa kansa ciwo," in ji ta. "Amma ruwa fa? Ya kalli kogi ya rabu goma, ya gaya maka wanne ne zai kai ka gida. Shi yana ganin ruwa, ni ina jin inji. Bai taɓa ɓoyewa ba, ya sha faɗa musu ni ke gyaran. Dariya suke yi, su ce Athol akwai barkwanci."

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Ta faɗi haka ta miƙo mini biskit, ta ce in tsoma a shayi kada in karya haƙori.

A tsakiyar Nuwamba ta ce jirgi ya yi. Na ce to sai ta jira labari. Ta ce labarin wa, ita ce a kujerar gefe. Na ce Murray zai kashe ni. Ta ce Murray yana Christchurch yana sayar da inshora, bai iya kashe ko ƙuda ba. A bakin ruwa ta sa na taɓa toshiyar bayan jirgi da hannuna, ban da kallo, sannan ta ɗaure rigar ceto har wuya. Ni da wani mai kamun kifi muka ɗaga ta muka sa a ciki, tana zagin mu duka.

Kogin ya cika kwana uku da suka wuce, yanzu yana ja da baya, ruwan ya fara komawa shuɗi. Rabin awa na farko kam ba a magana. Jirgin yana gudu a kan ruwan da bai wuce idon sawu ba, tsakuwa na wucewa a ƙasa, iska na tsaga mini baki. Ita tana nuna hanya da hannu, hagu, dama, tana ihu a kunnena, "Kada ka ɗaga ƙafa! Ko me ka gani kada ka ɗaga ƙafa!" Ta gaya mini wannan ya fi sau ɗari a gareji. Muddin yana gudu yana saman ruwa. Ka sassauta, ya zauna, kuma sitiyarin ma ya daina ji.

Sai muka sha wata kwana, na ga ruwa ya baje ya yi fari, duwatsu na leƙe. Ƙafata ta yanke shawara ba ta tambaye ni ba. Na ɗaga. Jirgin ya zauna, ƙuuu, ya ja ciki a kan tsakuwa ya tsaya cak. Don in gyara ɓarna, na sake taka totur. Sai ƙara kamar an zuba cokula a injin markaɗe.

Ta miƙa hannu ta murɗe makulli. Shiru. Ba ta zage ni ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

Ta ce in soka ɗan kara a daidai bakin ruwa. Muka sauke tankin ajiya, akwatin kayan aiki, anga, fulas, komai, muka tara a kan tsibirin tsakuwa. Da na waiwaya, ruwa ya bar karan da faɗin tafin hannu. Ta nuna mini manyan duwatsun can nesa da haɓa, gajimare ya yi baka a samansu, iska mai ɗumi ta fara kaɗawa daga arewa maso yamma.

"Ana ruwa a can sama. Yau kogi na sauka, gobe da safe zai dawo da itatuwa a ka. In ya kwana nan, a teku za ka nemi guntayensa."

Waya ba sabis. Ta ba ni wata ƙugiya da ta yi da haƙorin manjagara, na kwanta a ruwan ƙanƙara na cusa hannu ƙarƙashi ina zaƙulo duwatsu daga raga ɗaya-ɗaya, tana ƙirgawa da kunne. Sannan na sa kafaɗa ina girgiza jirgin, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya, har na kai gindinsa wani ɗan gurbi da ruwa ya kai gwiwa. Gurbin bai fi tsawon mota uku ba.

Ta auna shi da ido. "Da mutum biyu ba zai tashi a nan ba. Ɗaya ya tura, ɗaya ya tuƙa. Mai turawa kuma a nan za a bar shi."

Na dubi ƙugunta, na dubi sandar. Na ce, "To ai magana ta ƙare. Koma kujerar direba."

Ba ta motsa ba. Tana kallon sitiyarin kamar baƙon kare.

"Ban taɓa tuƙa shi ba."

Na yi dariya, na ga ita ba ta yi. "Haba Misis Tulloch. Shekara nawa?"

"Arba'in da huɗu. Shi yana nan, ni ina inda kake tsaye, ruwa har cinya. Ba hana ni ya yi ba. Ban tambaya ba, bai tambaya ba, shi ke nan."

Na ce, "Kin tuƙa tsohona shekara shida ba ki jefa motar a rami ba. Wannan ai hutu ne."

"Rufe mini baki."

"In kin ji tsoro ki faɗa, Kaka, ba wanda zai ji sai ni da duk Ashburton."

Ta miƙo mini sandar. Da ƙyar ta ja jiki ta koma dama, ta gyara tabarau, ta ɗora ƙafa a totur. Ta kama makulli. Ta ce, "In na ce tura, ka tura kamar an biyo ka."

Injin ya tashi. "Tura!"

Na tura. Feshin ya same ni a ƙirji ya zaunar da ni a ruwa. Da na share ido, koren jirgin ya ɗago hanci, ya daidaita, ya bi ta kan farin ruwan nan da ya kayar da ni kamar ba komai, farin kai na leƙowa ta saman gilashi. Ya sha kwana ya ɓace.

Akwai zurfi a ƙasa da tsibirin, inda za ta iya tsayawa. Zagayowa ta ɗaya hannun kogin ba zai wuce minti biyar ba. Na kwashe kayan na kai can, na zauna. Minti goma. Minti ashirin. Na fara shirya abin da zan gaya wa Murray, da 'yan sanda, da mahaifiyata. Sai na kasa kunne. Can sama ana jin injin, yana nisa, yana dawowa, yana sake nisa, lafiya lau, babu ko tari. Na buɗe fulas ɗinta na sha shayi, na cinye biskit ɗin tas.

Sai da ta yi minti arba'in. Ta shigo zurfin nan a guje, ta murɗa sitiyari, jirgin ya juya a wuri ɗaya ya watsa mini ruwa a karo na biyu. Gashinta ya miƙe tsaye, fuska jiƙe, ban tambaya ko ruwan kogi ne ba.

Na ce, "Kin ɓata hanya ne?"

"Gwada shi nake yi. Ka karya wa farfela baki biyu, ina jin su a ƙafata. Loda kaya."

Na loda, na zagayo wajen sitiyari na tsaya ina jira ta matsa. Ta dube ni, ta dubi kujerar gefe.

"Misis Tulloch, jirgina ne fa."

"Wa ya ce ba naka ba ne? Shiga, iska na tashi."

Na shiga na zauna da sandarta a tsakanin gwiwoyina. Ƙarfe huɗu jirgi na kan tirela. Washegari na je gada na leƙa, kogin ya zama ruwan kunu daga wannan gaɓa zuwa waccan, wata bishiya sukutum na tafiya a tsakiya da saiwoyinta a sama. Na ɗauki hoto na kai mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ranar Laraba ina da aiki, wai kafin nan kogi ya sauka.