Furar Awarar Kubura

Duk wanda ya taɓa sayen awara a bakin tashar Mafara ya san Kubura. 'Yar Maradun ce. Tana da shekara bakwai ruwan dam ɗin Bakolori yac ci gonarsu, sunka kwaso kaya sunka dawo Mafara. Nan tay yi aure, nan tak koyi jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a dafa, a zuba ruwan tsami ya kama.

Mijinta Jatau manomin shinkafa ne a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Bara ciwon suga yak kama shi, sannan kara yas soke shi a babban yatsan ƙafa, gyambon yaƙ ƙi warkewa. Ma'aikaciyar asibiti ba ta ɓoye musu ba: in sugan bai sauka ba, yatsan zai tafi. Ta hana shinkafa, ta hana fura.

Fura fa! Mutumin da tun da anka yaye shi azahar ba ta taɓa wuce shi babu ludayi a hannu ba.

Kwana biyu ya ƙi cin komai. Sai Kubura taɗ ɗebi awara ɗanya, wadda ba ta shiga mai ba, tak kirɓa ta da citta da kanumfari, tac cura kamar fura, tad dama da nono, babu suga babu gero. Jatau ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Wanga mi ne ne, uwar Taiba?"

"Fura ce, Malam. Ta masu son yatsunsu."

Ya ɗauki ƙwaryar ya fita zaure, ta dawo wayam. Kullum haka. Amma da sunka koma awo bayan sati biyu, sugan yana nan inda yake, bakin gyambon ya soma duhu.

"Sati biyu na ƙarshe ke nan," in ji ma'aikaciyar. "Hajiya, anya kina bin doka?"

Kubura ta dawo gida. Ta zargi nonon, ta canza mai kawo mata. Ta zargi waken. Ranar har awarar kasuwa taƙ ƙone mata a kasko, abin da bai taɓa faruwa ba.

Washegari maƙwabcinsu Dikko yat tsaya sayen awara. Bayan doguwar gaisuwa yac ce, "Kai, amarya, furarki ta zamani akwai daɗi! Ni nika shanye rabi, Gidaɗo shi ƙarasa."

Cokalin suya ya tsaya a hannunta.

"Shi kuma Malam mi yaka sha?"

"Tamu mana. Ta gero, ga suga zaƙwai."

Ashe! Ta manta yadda zaure yake. Su Dikko da Gidaɗo da sauran maƙwabta, kowane magidanci da ƙwaryar gidansa yake fitowa, a ajiye a tsakiya, ludayi ya zagaya. Namiji bai rungume ƙwaryarsa shi kaɗai, kuma bai ture ta maƙwabci. Jatau ya gwammace ya rasa yatsan da a ce ya ƙyamaci abincin mutane.

Ba ta yi masa magana ba, ta san amsar. Ta cura awara faranti guda, ta yafa gyale, ta bi gidajen maƙwabta huɗu, ta fara da Lantana matar Dikko.

"Yaya Lantana, don Allah sati biyu kawai. Ki dama wa Dikko wagga."

"In ya sake ni fa?"

"Shi da ke shanye rabin tawa?"

Lantana ta kwashe da dariya ta karɓa. Matar Gidaɗo sai da Kubura tay yi mata hawaye.

Ran nan ƙwarya biyar sunka haɗu a zaure, duk awara. Kubura tana bayan katanga tana ji, sai Gidaɗo yac ce, "Jatau, ciwonka ya kama mu duka." Ludayi yac ci gaba da zagayawa.

Ranar awo ta kasa kallon ɗan injin awon sugan. Ma'aikaciyar ta duba lambar, ta kwance bandeji, ta daɗe tana latsa gefen gyambon.

"Ya sauka. Ba da yawa ba. Yau dai ba za a yanke ba, ku dawo bayan sati biyu."

Sati biyu kuma. A kan hanya Kubura tana neman bakin da za ta sake roƙon matar Gidaɗo da shi. Tana shiga gida taj jiƙa wake na gida biyar.